Badala, Kududdufi da Titi: Me Za Mu Rubuta a Takardar Koken Unguwarmu?

Sakataren ƙungiya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan zaure, kamar yadda aka tsayar a zaman da muka yi ranar Asabar bayan sallar La'asar a ƙofar gidan mai unguwa, an ɗora mini alhakin tsara takardar koken da ƙungiyarmu ta mazauna bakin ganuwar Kano za ta kai wa hukuma. Na ga bai kamata in sa alƙalami a takarda ba sai na ji ta bakin waɗanda ba su samu halarta ba, musamman iyayenmu mata da masu fita neman abinci tun da asuba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Makonni uku ke nan motocin tifa suna shigowa bayan sallar Isha'i suna juye ɓaraguzai da shara a gefen gabas na kududdufin da ke bayan badala, wato tudun ganuwa, har an cinye wurin da ya kai faɗin gida biyu, kuma shekaranjiya muka wayi gari muka ga an kafa turaku huɗu da aka shafa wa jan fenti. Ɗaya daga cikin turakun bai fi taku biyar da gindin ganuwa ba. Mu uku muka je wani ofishi da muke zaton shi ke da alhakin lamarin, muka zauna tun hantsi har azahar, daga ƙarshe aka ce mana mu koma mu rubuto. Da aka buɗe magana a wurin zaman, sai ta zarce kan ragowar badalar kanta da ke zaizayewa, da wahalar tsallaka babban titi, da tsamiyoyin nan biyu da ake cewa za a sare.

Tambayata gare ku ita ce, takarda ɗaya za mu rubuta mu haɗa komai, ko kuwa kowace matsala da tata takardar? Sannan shi kududdufin, mene ne ainihin abin da muke roƙo a kansa? Na lura ba mu da baki ɗaya a nan, kuma gara mu warware a cikin gida kafin mu fita waje.

Baba Magini:

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya saka maka da alheri. Jikana ne yake rubuta mini, ni kuma ina faɗa masa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara miƙa wa mahaifina tubali, saboda haka ku bar ni in fara da ƙasa. Wannan kududdufi da ake jayayya a kansa, daga cikinsa badalar ta fito. Duk inda ka ga rami babba a cikin birnin Kano ko a gefensa, ƙasarsa aka haƙa aka yi ganuwa da gidaje da masallatai, ramin kuma ya zama mazubar ruwan sama. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ramno, a tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Haka aka yi tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 kuma shi ya fara ginin ganuwa, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta a tsakanin 1463 da 1499, da Muhammadu Nazaki da aka sake ƙara ta a zamaninsa. Wanda ya raba maganar kududdufi da maganar badala ya raba uwa da ɗanta.

Abin da ke kashe ginin ƙasa kuwa ba ruwan da ke sauka a kansa ba ne kawai. Ruwan da ke kwanciya a gindinsa ya fi illa, domin yana tsotsa daga ƙasa ya hau sama, gindin ya ruɓe, wata rana a ji rugugi. Idan aka cike wannan rami, ruwan watan Agusta da yake gangarowa daga unguwanni uku ba zai ɓace ba, zai nemi wuri mafi kwari ya kwanta, kuma wurin nan shi ne gindin badala da gidajen layin farko.

Amma ina so a rubuta wata gaskiya a cikin takardar, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne muka fara cin ganuwar nan kafin baƙi su zo da tifa. Na ga mutanen unguwarmu da idona suna sarar ƙasarta da diga da daddare domin yaɓen katanga. Na ga inda yara suka mayar da ita yanke, har sawun ƙafa ya yi mata kwari kamar hanyar ruwa. Na ga ana ƙona shara a jikinta. Kakanninmu sun ba mu labarin cewa da can idan damina ta ɗauke, akan yi gayya a fito a gyara inda ruwa ya ci, kowane ɓangare da nasa yanki. Ba kuɗi suka fi mu ba, sun dai ɗauke ta tasu ce.

Kuma ina roƙo, idan hukuma ta amsa za ta gyara, kada a yarda a lulluɓe ta da siminti. Siminti ba ya barin ƙasa ta yi numfashi. Danshi yana taruwa a bayansa, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓanɓare ya zo da naman ginin. Da makuba ake yi mata yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a wuraren da ake son ƙarin ƙarfi kuma a sa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Masu wannan sani ba su ƙare ba, amma mun kusa, kuma Sarkin Gini ya san inda muke.

Mai shagon gyaran waya:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban isa in ja da kai a kan gini ba, amma ina neman izini in faɗi abin da mu da muke kwana a bakin ramin muke gani.

Kududdufin da kuka sani a ƙuruciyarku ba shi ne wannan ba. Yau duk kwatamin unguwa a cikinsa yake zuba, ledoji sun rufe rabinsa, ruwan ya yi kore, kuma daga watan Maris zuwa saukar damina ba ma iya buɗe taga saboda wari. Bara ƙanena mai shekara shida ya zame a bakinsa yana bin ƙwallo, kuma da ba don wani mai tura ruwa a kura da ya yi tsalle ya kamo rigarsa ba, da yanzu wani zancen ake yi. Mahaifiyarmu ba ta sake barci mai daɗi ba in dai ana ruwan sama. Saboda haka idan aka ce in sa hannu a takardar da ke cewa a bar kududdufi yadda yake, ba zan iya ba. Ni ban goyi bayan mai tifa ba, domin na san shaguna zai gina ya sayar ya tafi. Amma da za a cike shi a yi wa yara filin wasa ko ƙaramin asibiti, da ni ne na farkon ɗaukar shebur.

Akwai kuma abin da nake tsoro wanda ba a faɗa a wurin zaman ba. Duk mun ga rusau ɗin da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2023, a Filin Idi da otal ɗin Daula da gine-ginen da ke jikin ganuwa a titin Jami'ar Bayero (BUK). Ko me mutum yake gani game da dacewarsa, akwai waɗanda suka saya a hannu na biyu da na uku da guminsu. A layinmu akwai gidaje aƙalla shida da bayansu ya hau kan inda badala take a da, kuma wasu marayu ne a ciki. Kada mu rubuta takarda da hannunmu ta zama ita ce ta kira katafila kan maƙwabtanmu.

Malama mai koyar da kimiyyar halittu:

Ƙanena, Allah ya ƙara tsare mana yaran nan, ya saka wa mai kurar da alheri. Duk abin da ka faɗa game da ƙazantar ruwan gaskiya ne, kuma ni ma ba zan sa hannu a kan a bar shi yadda yake ba. Inda muka rabu shi ne magani. Ruwan ya lalace ne saboda abin da muke zuba masa, saboda haka abin nema shi ne a karkatar da kwatamin, a yashe ledojin, a kewaye bakinsa da katanga mai tsayin ƙirji da ƙofa guda, ramin kuma ya ci gaba da aikinsa na karɓar ruwan sama.

Da yake an ambaci sauro a wurin zaman, bari in yi ƙarin bayani. Sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya ya fi son ƙananan wuraren da ruwan sama ya kwanta, marasa zurfi, masu samun rana, irin sawun taya da ramukan da ake bari bayan an kwaɓa ƙasa. Wanda ke hayayyafa a ruwan kwatami wani iri ne daban, mai damun mutane da cizo da kuka da daddare. Babban ruwa mai tsabta da kifi a cikinsa yana rage tsutsar sauro, domin kifin yana cinye ta. Idan aka cike rami da ɓaraguzai aka bar ruwa yana kwanciya nan da can a cikin lunguna, to an ƙara wa sauron zazzaɓi gidaje ne.

Yanzu ga abin da ya sa na dage a saka tsuntsaye da bishiyoyi a takardar, duk da na ji wasu suna cewa wannan maganar masu ƙoshi ce. Ina ƙarama, kakata ba ta jiran rediyo kafin ta san damina ta kusa. Da ta ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya tana ɗauko kirare, sai ta ce a gyara indararo. Shamuwa tana tahowa ne daga kudancin Afirka da gabashinta ta yi sheƙa a ƙasashenmu lokacin ruwa, abincinta fara da tsutsotsin da ke cin amfanin gona, kuma ta saba da zama kusa da mutane saboda ba a taɓa ta. Bana sheƙa uku kacal na ƙirga a kan tsamiyoyin nan biyu. Da magariba kuma balbelu suna dawowa su cika reshen da ya karkata kan ruwa har ya yi fari fat, kuma wani lokacin zalɓe yana tsayawa a gefen yamma inda ruwan bai gurɓace sosai ba. Na sha kai ɗalibaina wurin su gani da idonsu, domin da yawansu a littafi kawai suka san waɗannan halittu.

Ku tambayi kanku yaushe rabonku da ganin ungulu. A da ba a raba mahauta da ita, har ake cewa ungulu ba ta jewar banza. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta saka irin ungulun da muka sani a cikin garuruwa a matakin waɗanda ke dab da ɓacewa. Farautarta da ake yi domin sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu da magani, da guba, da sare manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai, su suka kai ta nan. Ita ce take kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, kuma ba wanda ya rubuta takarda a kanta har ta tafi. Ba na so a yi wa shamuwa irin wannan shirun.

Hajiya, uwar marayu ta layin farko:

Assalamu alaikum. Malama, na gode da wannan bayani, na ƙaru ƙwarai. Ni dai abin da ke hana ni sukuni titi ne. Jikokina huɗu suna tsallaka shi sau huɗu a rana, boko da safe, islamiyya da yamma. Nakan riƙe hannun ƙananan biyu, manyan su riƙe gefen mayafina, mu tsaya a bakin kwalta wani lokacin har minti goma, mu samu mu kai tsakiya, mu sake tsayawa a kan ɗan siririn dakalin nan motoci suna wucewa gaba da baya iskarsu tana kaɗa mu. Tun da aka faɗaɗa titin aka raba shi biyu, direbobi suka samu wurin gudu, mu kuma aka manta da mu.

An ce a roƙi gadar masu tafiya a ƙasa. Ina roƙon a yi tunani kafin a rubuta haka, domin ni gwiwata ba za ta hau matakala talatin ba, mai ciki ba za ta hau ba, mai tura baro ba zai hau ba, kuma za a ci gaba da bi ta ƙasa ne kamar yadda ake yi a wasu wuraren. Abin da muke so shi ne tudun rage gudu kafin mashigar unguwa da bayanta, da zanen tsallakawa, da jami'i guda ɗaya na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, lokacin tafiya makaranta da lokacin tashi.

Game da maganar ɗana mai shago kuwa, gidana yana cikin shidan da ya ambata. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya saye shi a haka, ba mu muka ci ganuwa ba. Duk da haka ba zan ce a yi shiru ba, domin idan aka cike ramin, ɗakina ne farkon wanda ruwa zai shiga. Ku rubuta, amma ku rubuta da tausayi.

Direban Adaidaita Sahu:

Hajiya, Allah ya raya marayu. Na ji kunya da na karanta saƙonki, domin a cikin masu gudun nan akwai 'yan'uwana, kuma zan kai maganar tasharmu.

Ina so dai a fahimci yadda abin yake daga kan sitiyari. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, nauyin jigilar mutanen birni ya dawo kanmu, amma ba a ware mana wurin tsayawa ba. Fasinja zai ce a sauke shi a bakin ƙofa, in ka tsaya ka toshe hanya, in ka wuce ya yi fushi. Masu kayan miya da masu shayi sun sauko kan kwalta, masu shaguna sun ajiye motocinsu a gaba, sai hanyar mota uku ta koma ta mota ɗaya. Idan aka ba mu ɗan fili a gefe, wanda zai ɗauki Adaidaita biyar ko shida, rabin cunkoson zai tafi.

Sai kuma wata shawara da na san Baba ba zai so ta ba, ina neman afuwarsa. Duk wanda zai shiga unguwarmu da abin hawa dole ya zagaya ta ƙofa guda. Wurin da yara suka mayar yanke ya riga ya zube har ƙasa. Me zai hana a roƙi a buɗe shi a yi hanya sosai? Ai Sabuwar Ƙofa ma ba tun asali take ba, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe ta da buƙata ta taso.

Baba Magini:

Ɗana, ba ka yi laifi ba. Amma Sabuwar Ƙofa sarki ne ya yi shawara da mutanensa aka buɗe ta, aka gina mata ginshiƙai aka ɗaure bakin ganuwar hagu da dama. Abin da kake nema shi ne mu halatta ɓarakar da sakacinmu ya haifar. Idan muka yi haka, gobe layi na gaba su ma za su sa yara su tattake nasu wurin, su zo su ce ai ya riga ya zube. Yankinmu yana cikin 'yan wuraren da suka rage da mutum zai tsaya ya ɗaga kai ya ga tsayin badala. Ban yarda ba.

Injiniya mai ritaya:

Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin saɓanin bai kai yadda ake zato ba, sai dai a kan yanken da Malam Direba ya kawo. Bari in taimaka da abin da na sani na aikin ofis, domin takarda mai kyau da aka kai ofishin da ba nasa ba tana mutuwa ne a cikin fayil.

Ganuwar Kano da ƙofofinta suna cikin kayan tarihin ƙasa, kuma kula da su yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, kuma ita ke riƙe da gidan tarihi na Gidan Makama. Ƙasar da ganuwar take kai kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamnan jiha, izinin gini a birni kuma KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ke bayarwa. Kun ga ke nan mai kula da ginin daban, mai iko da filin daban, kuma ta wannan tsagar aka daɗe ana shiga. Akwai kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa, da masarauta, wadda har yau take naɗa sarakunan ƙofa. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fatan a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da gidan sarki, kuma har yanzu ba ta wuce wannan matakin ba. Hawan sallar Kano kuwa ya samu shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a watan Disambar 2024. Abin yana yi mini ciwo a ce dawakai sun samu shaida, birnin da suke zagayawa yana narkewa.

Malam Direba, ka tuna Ƙofar Na'isa. A 2010 aka rushe tsohon gininta domin faɗaɗa hanya, aka yi sabuwa a wurin. Hanyar ta faɗaɗa, amma ginin da ya yi ɗaruruwan shekaru ba ya dawowa, kuma kai da kake bin wurin kullum ka fi ni sanin ko cunkoso ya ƙare. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma birnin bai daina cika ba tun daga lokacin. Duk hanyar da ka buɗe a irin wannan gari ababen hawa za su cika ta, sai dai ka tsara inda ake tsayawa da inda ake kasa kaya. Saboda haka ina goyon bayan filin tsayawar da ka nema, ba na goyon bayan yanken.

Shawarata a yi takarda biyu. Ta farko ta haɗa badala da kududdufi da tsamiyoyi, domin Baba da Malama sun nuna mana cewa magana ɗaya ce ta ruwa da ƙasa. A aika ta KNUPDA, a ba hukumar kayan tarihi da ma'aikatar muhalli da hakimi kwafi ta hannun mai unguwa. Kada mu zargi kowa a cikinta. Mu yi tambayoyin da dole a amsa su a rubuce: shin an ba da izinin cike wannan wuri, da wace lamba, kuma ina aka tsara ruwan zai bi? Mu roƙi a dakatar da zuba ƙasa har a amsa, a turo masu awo su shata iyakar ganuwar da ta rage a gaban mai unguwa, a karkatar da kwatamin, a kewaye ramin. Game da gidaje shidan, mu faɗa ƙarara cewa koken namu a kan abin da ke tsaye ne da sabon cin da ake yi, kuma ba mu nemi a taɓa gidan da mutane ke zaune a ciki ba. Takarda ta biyu ta titi ce, gajeriya, zuwa KAROTA da ma'aikatar ayyuka, da buƙatun Hajiya guda uku da filin Adaidaita. Kowace takarda a karɓo kwafinta da hatimin karɓa da kwanan wata.

Abu na ƙarshe, mu haɗa da alkawarin abin da mu za mu yi. Jami'in da ya ga unguwa ta hana sarar ƙasa, ta tsayar da ranar gayya, ya fi jin nauyin mayar da ita hannu rabbana.

Sakataren ƙungiya:

Ranka ya daɗe Injiniya, na ɗauki wannan tsari, kuma zan kawo daftarin takardun biyu nan zauren kafin Juma'a domin kowa ya gyara. Maganar yanke ba zan saka ta ba tunda ba a daidaita ba, za mu mayar da ita zama na gaba, Malam Direba ya zo da 'yan tasharsu. Ina buƙatar wanda zai auna tsawon badalar da ta rage da nisan turakun daga gindinta, da hotunan tsamiyoyin da sheƙunan. Malama, ko ɗalibanki za su iya? Ɗan'uwa mai shago, har yanzu ban ji ko za ka sa hannu ba.

Malama mai koyar da kimiyyar halittu:

Za su iya, in sha Allahu. Zan zo da huɗu daga cikinsu ranar Asabar da hantsi, idan Baba zai tsaya tare da mu ya nuna mana inda asalin gindin ganuwar yake, domin ƙasar da ta zube ta rufe shi.

Mai shagon gyaran waya:

Malam Sakatare, idan katangar kewaye ramin da maganar gidaje shidan sun shiga da kalmomin da Injiniya ya faɗa, zan sa hannu, kuma zan bi layinmu gida-gida in karɓo na sauran. Har yanzu ina ganin filin wasa ya fi mana amfani, amma na yarda a fara dakatar da mai zuba ƙasa tukuna. Yanzu haka da nake rubutu wata tifar ta shigo ba fitila, tana ja da baya wajen turakun. Na ɗauki hoton lambarta daga kan soronmu, zan turo maka kai kaɗai. Wani ya taso mai unguwa ya zo ya gani da idonsa kafin ta juye.